Na haddace fomula amma lissafin motsi da bekta yana kayar da ni

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a SS2 ɓangaren kimiyya, burina in karanci likitanci in sha Allah amma fiziks na neman ya tare min hanya. Wallahi ina karatu, fomulolin motsi duk na haddace su, amma da an ɗan juya tambaya sai kaina ya ɗaure. Har yau ban gane bambancin distans da disfilesmen ba, ko sifid da belositi, ni gani nake abu ɗaya ne aka ba shi suna biyu. Ga kuma bekta, wai a haɗa 3 da 4 su ba da 5. Sannan a tes ɗin da ya wuce na samu lambar daidai amma malaminmu ya rage min maki wai ban sa yunit ba. Dan Allah a taimaka min da bayani da Hausa."

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka ya kai ki ga wannan buri. In na fahimce ki daidai, fomula tana kanki amma ba ki san lokacin ɗauko wacce ba, kalmomin suna miki kama da juna, sannan lissafin bekta ya saɓa wa lissafin da kika taso da shi tun firamare. Toh ki kwantar da hankalinki, wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, kuma kusan duk shekara a daidai wannan gaɓar yara masu ƙoƙari suke fara jin haushin darasin. Mu mutane ne da muka saba da hadda, kuma hadda baiwa ce babba, sai dai shi fiziks ba abin da kika haddace yake tambayarki ba, so yake ki ga abin da ya faru da idon zuciyarki kafin ki taɓa biro. Duk wani adadi da za ki haɗu da shi a wannan babin akwai abin da za ki tambaye shi: nawa ne, da wane ma'auni aka auna shi, kuma ina ya dosa. Matsalolin nan naki duka daga tsallake ɗaya cikin waɗannan suka fito.

Makin da aka rage miki

Bari in fara da wannan don na san yana ci miki rai, kuma gaskiya malaminku bai zalunce ki ba. A ce Umma ta aike ki kasuwa ta ce ki sayo shinkafa biyu, ai ba za ki fita ba sai kin tambaya, biyu me? Gwangwani, mudu, tiya ko buhu? Toh haka 20 ɗin da kika rubuta tsirara take a wajen mai makin, bai san ko mita ba ce ko sakan ko kilogiram. Iyayenmu ma da ma'auninsu tun kafin zuwan boko, ana awon ƙyalle da kamu, ana awon fili da taki, mai haƙa rijiya yana ƙirga gaba, wato tsawon hannu biyu in an ware su. Aibinsu ɗaya ne, gaban dogon mutum ya fi na gajere, kuma ko mudun ma na wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba, ga wani mai awon ya tula har ya yi tsini wani kuma ya shafe baki.

Irin wannan rikicin ne ya sa a Faransa a shekarun 1790 aka ƙirƙiro mita, aka ce tsawonta kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na tazarar da ke tsakanin ƙarshen arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu. A 1960 aka tsayar da tsarin da ake kira SI, wanda yanzu yake da tushe guda 7, amma a babin motsi guda uku kawai za ki riƙe, mita, kilogiram da sakan. Tun 1960 ɗin ma an daina dogaro da wani sandan ƙarfe da aka ajiye, daga 1983 kuma mita ita ce tazarar da haske yake ci a sarari cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na sakan, shi ma kilogiram sai a 2019 aka raba shi da dunƙulen ƙarfen da ke ajiye kusa da birnin Faris. Kuma kar ki ɗauka yara kaɗai yunit ke kayarwa, a 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda ɓangare ɗaya na ma'aikatan ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren ya ɗauka da niyuton, wato ma'aunin ƙarfi na SI, aka yi.

A aikace abin da zai fi amfanarki shi ne ki mayar da komai mita da sakan tun kafin ki fara. Mota mai gudun 72 km/h, ki raba da 3.6 ki samu 20 m/s, dalili kuwa kilomita mita 1000 ce, awa kuma sakan 3600. Sannan yunit ɗin da kike gani kamar wahala shi ne ɗan sandanki a ɗakin jarrabawa. In kin yi kokwanton fomula, ki gwada yunit ɗinta. A s = ut + ½at², inda s tazara ce, u gudun farko, t lokaci, a kuma yadda gudu ke canzawa a kowane sakan, u da t in an ninka m/s da s, sakan ya cinye sakan saura mita, ɗaya ɓangaren ma m/s² da s² mita ce. In kika manta kika rubuta ½at ba sikwaya, za ki ga m/s ya fito, kuma ba a tara mita da m/s kamar yadda ba a tara awaki da yadin shadda, nan take kin kama kuskurenki.

Wani abu da ke min ciwo a harkar awo, na taɓa koyarwa a wata makaranta inda yara suka kai SS3 ba su taɓa riƙe baniya kalifa, wato ma'aunin kaurin ƙananan abubuwa, a hannu ba sai dai hotonta a littafi, ranar da na samo guda ɗaya na miƙa wa wata yarinya ta auna kaurin murfin biro sai hannunta ya kama rawa, ta san a ka cewa tana karanta har 0.01 cm, rula kuma 0.1 cm, maikuromita 0.001 cm, amma ba ta san wane layi za ta duba ba. In akwai su a makarantarku ki roƙi malaminku ko da lokacin tara ne ki taɓa su, ki rufe bakin kalifar ki ga ko sifili ya hau kan sifili, kuma in kina karanta rula idonki ya zama saitin layin ba ta gefe ba. Kuma in da rula kika yi awo, kar ki kwafo lambobi takwas da kalkuleta ta zubo miki, amsarki ba za ta fi kayan awonki kaifi ba.

Hanyar da kika taka daban, inda kika tsaya daban

Kin ce gani kike abu ɗaya aka ba suna biyu, kuma ban ga laifinki ba, domin a maganar yau da kullum nisa kawai muke cewa, gudu kawai muke cewa, su ma Turawan a hirarsu ba sa bambancewa, masana ne suka raba su don buƙata. Distans shi ne tsawon duk hanyar da ƙafarki ta taka, da lungu da kwana da komowa, kullum ƙaruwa yake ba ya raguwa. Disfilesmen kuwa ba ruwansa da hanya, kibiya ce miƙaƙƙiya daga inda kika tashi zuwa inda kika tsaya, da tsawonta da ɓangaren da ta nuna.

Misalin da na ga ya fi zama a kan ɗalibaina shi ne na aikin Hajji. Mai ɗawafi yana farawa daga saitin Hajarul Aswad ya kewaya sau 7 ya ƙare a saitin inda ya fara, ya yi tafiya sosai har ya yi gumi, distans ɗinsa babba ne, amma in a daidai gurbin da ya fara ya tsaya disfilesmen ɗinsa sifili ne. Sa'ayi kuma ana farawa daga Safa a ƙare a Marwa, zuwa ɗaya komowa ɗaya har 7. In mun ɗauki tsakaninsu mita 450 kamar yadda aka saba ƙiyastawa, distans ya zama 7 sau 450, wato mita 3150, amma disfilesmen mita 450 ne kacal daga Safa zuwa Marwa, saboda guda shida sun soke juna, uku zuwa uku komowa, na bakwai ne kaɗai ya rage. Ki lura da kalmar nan soke juna, ita ce zuciyar maganar bekta gaba ɗaya. Abin da yake da adadi kawai, kamar lokaci ko zafi ko distans, shi ake kira sikela, kuma ba ya soke ɗan uwansa. Wanda yake da adadi da inda ya dosa shi ne bekta.

Sifid da belositi 'ya'yan waɗancan biyun ne. Ki raba distans da lokaci ki samu sifid, ki raba disfilesmen da lokaci ki samu belositi, shikenan. Malejin mota sifid yake nunawa, zai ce miki 80 amma ba zai gaya miki Zariya aka nufa ko Katsina ba, sai kin ce 80 km/h zuwa kudu sannan kin yi maganar belositi.

Akwai tarkon da JAMB da WAEC suke son ɗanawa a nan. Direba ya yi tafiyar kilomita 120 da gudun 60 km/h, ya komo da gudun 40 km/h, menene matsakaicin sifid? Kusan duk ajin 50 suke cewa, sun tara sun raba biyu. Ki zauna ki bi shi a hankali, zuwa ya ci awa 2, komowa awa 3, duka kilomita 240 cikin awa 5, amsa 48 km/h, domin ya fi daɗewa a kan gudun 40 ɗin don haka shi ya fi rinjaye. Matsakaicin belositi kuwa sifili, tunda ya dawo tashar da ya baro. Haka kuma matsakaici daban yake da gudun wani ɗan lokaci. Usain Bolt ɗan Jamaika ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a birnin Balin a 2009, in kin raba za ki samu kusan 10.4 m/s, amma ai daga tsaye ya tashi, kenan a tsakiyar tseren gudunsa ya wuce haka.

Akselareshan

Wannan shi ne yadda belositi yake canzawa a kowane sakan, shi ya sa yunit ɗinsa m/s², wato mita a sakan, a kowane sakan. Kuma tunda belositi bekta ne, hanya biyu ce zai canza, ko adadinsa ko inda ya dosa. Ɗan adaidaita da ke kewaya shataletale malejinsa a tsaye kan 30 bai ƙara ba bai rage ba, amma yana da akselareshan, domin kowane lokaci hancin keken yana sauya saiti, kuma jikinki ma yana shaida, shi ya sa kike jin kamar ana tura ki gefe.

Mutumin da ya fara warware wannan da awo shi ne Galileo na ƙasar Italiya, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1642. Ba shi da agogo mai kyau, sai ya riƙa gangaro da ƙwallo a kan katako mai gangara don faɗuwar ta yi sanyi, yana auna lokaci da ruwan da ke tsiyaya, ya gano tazarar da ƙwallon ke ci a lokuta masu tsawo ɗaya tana tafiya 1, 3, 5, 7. Ki gwada da g = 10 m/s², wato akselareshan ɗin abu mai faɗowa ƙasa, da ake yawan ba ku a jarrabawa, ainihinsa wajen 9.8 ne. Dutsen da aka saki yana cin mita 5 a sakan na farko, 15 a na biyu, 25 a na uku, jimla 5, 20, 45, kin ga ½gt² ɗin da kika haddace ya fito da kansa. Akwai ranar da na kai 'yan ajina bakin wata tsohuwar rijiya, ɗaya ya riƙe tsakuwa ɗaya ya riƙe agogon waya, kowa ya yi tsit muna jiran ƙarar ruwa, muka maimaita sau biyar don hannun mai danna agogo yana makara, muka samu wajen sakan 2, wato zurfin mita 20, sai wani yaro ya ce Malam wannan ai gaba goma sha ɗaya kenan, ya mayar da shi ma'aunin kakansa da kansa ba wanda ya ce ya yi. Wallahi na ji daɗin ranar nan.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne alamar tarawa da ɗebewa. Kafin ki sa lamba ko ɗaya ki zaɓi ɓangaren da za ki kira +, ki zana 'yar kibiya a gefen takarda, kuma kar ki sauya har ki gama. An jefa dutse sama da 20 m/s, kin zaɓi sama ya zama +, kenan u = +20, a = −10. Daga v = u + at, inda v belositin ƙarshe ne, zai tsaya a sakan 2, a tsayin mita 20, ya dawo hannu a sakan 4. Distans mita 40, disfilesmen sifili, kuma ki sani s ɗin da ke cikin fomulolin nan disfilesmen ne, shi ya sa in kika sa t = 4 za ki ga sifili ya fito, ba kuskure kika yi ba. A can ƙololuwa belositi sifili ne amma akselareshan yana nan 10 zuwa ƙasa, da babu shi da dutsen ya maƙale a sama.

Ita kuwa v² = u² + 2as ina so ki riƙe ta ko bayan kin gama da jarrabawa. A ce birki yana rage gudu da 5 m/s². Mota mai gudun 36 km/h, wato 10 m/s, sai ta ci mita 10 kafin ta tsaya. Mai gudun 72 km/h sai ta ci mita 40. An ninka gudu sau biyu, tazarar tsayawa ta ninku sau huɗu, ban da mitocin da suka wuce kafin ƙafar direba ta kai kan birki, wanda a gudun 72 duk sakan ɗaya mita 20 ne. Duk direban da ke ƙure maleji a cikin gari inda yara ke tsallaka titi, da wannan sikwayar yake wasa, kuma ke da kike son zama likita wata rana su za a riƙa kawo miki.

Yadda 3 da 4 suke ba da 5

Ba kullum suke ba da 5 ba, wannan shi ne abu na farko. A ce rago ya turje ana gobe sallar layya, yara biyu suna jan sa da igiya, ɗaya da ƙarfi 3 ɗaya da ƙarfi 4. In gefe ɗaya suke ja, ragon yana jin 7. In ɗaya na gaba ɗaya na baya, 1 kawai yake ji, wajen mai ƙarfin. In kuwa ɗaya ya ja gabas ɗaya ya ja arewa, sai ya ji 5 ta tsakaninsu, ya ɗan fi karkata wajen mai 4. Kenan amsar tana iya zama ko ina daga 1 zuwa 7, kusurwar da ke tsakaninsu ce take yanke hukunci. Lissafin firamarenki bai yi ƙarya ba, shi dai na abubuwan da ba su da saiti ne.

Ni ba na koyar da wannan a kan allo sai mun fita fili. Mukan kafa turke, yarinya ta yi mita 8 gabas mu kafa na biyu, ta juya ta yi mita 6 arewa mu kafa na uku, sannan in tambaya tsakanin turken farko da na ƙarshe nawa ne. Sai su ce 14. Sai a ja igiya a miƙe a sa tef, a ga 10. Shirun da suke yi a wannan lokacin ya fi min duk wani bayani. 14 ɗin distans ne, 10 ɗin disfilesmen, kuma lissafinsa na Faitagoras ne, 8² + 6² = 100, sikwaya rut ɗinsa 10. Magina ma da wannan suke fitar da kusurwar ɗaki in za su ja fandisho, su auna 3 nan, 4 can, in tsakani ya ba da 5 kwana ta miƙe. Dokar zanen kuwa ɗaya ce, inda kibiyar farko ta ƙare nan gindin ta biyu zai fara, sakamakon kuma daga gindin ta farko zuwa tsinin ta ƙarshe. Kuma amsar bekta ba ta cika sai da saiti, a nan tan θ = 6/8, wato wajen digiri 37 daga gabas zuwa arewa. Da yawa suna rubuta 10 su tashi, su bar maki a tebur.

Misalin da na fi so shi ne na kwalekwale, don masu fito a kogin Kwara wajen Yawuri ko a Binuwai sun san wannan a hannunsu tun kafin a rubuta shi a littafi. A ce faɗin kogi mita 200, matuƙi yana tuƙi da 4 m/s ya saita hancin jirgin tsallake sak, ruwa kuma yana gangarawa da 3 m/s. Wanda ke tsaye a gaɓa zai ga jirgin yana tafiya a karkace da 5 m/s. Sakan nawa zai ɗauka ya haye? A nan ake rikicewa, wasu su raba 200 da 5. A'a. Tsallakawa aikin 4 ɗin ne kaɗai, ruwan gefe yake tura shi, bai taimaka ba bai hana ba, don haka 200 a raba da 4, sakan 50. Cikin sakan 50 ɗin nan ruwa ya janye shi 3 sau 50, mita 150 ƙasa da mashigar da ya nufa, hanyar da ya bi kuma mita 250, wadda in kin raba da 5 za ki sake samun sakan 50 ɗin. In kuma so yake ya sauka daidai saitin inda ya taso, dole ya karkata hanci sama yana fuskantar ruwa, yadda 3 daga cikin ƙarfinsa zai tafi wajen soke gudun ruwan, sin θ = 3/4, wajen digiri 49, abin da ya rage masa na tsallakawa sikwaya rut na 16 − 9, kusan 2.6 m/s, sai ya ɗauki wajen sakan 76. Ya fi daɗewa amma ya sauka inda fasinja suke so.

Abin da muka yi yanzu shi ne fasa bekta gida biyu, kuma shi ne makamin da za ki yi ta amfani da shi har jami'a. Kina jan buhu da igiya da ƙarfin niyuton 100, igiyar ta yi digiri 60 da ƙasa, 100 cos 60 wato 50 ne kawai ke jan sa gaba, 100 sin 60 wato kusan 87 ɗaga shi yake. Ki sassauto da igiyar zuwa digiri 30 sai lambobin su yi musanya. In kin rasa wanne ne cos wanne ne sin, ɓangaren da yake manne da kusurwar shi ne na cos.

Inda bayanin nan ya tsaya

Fomulolin nan uku sharaɗinsu akselareshan ya zama bai canzawa, in tambaya ta ce mota ta ƙara gudu, ta tafi daidai, sannan ta taka birki, sai kin yanka tafiyar gida uku ko ki zana giraf na belositi da lokaci, gangarar layin akselareshan ce, filin da ke ƙarƙashinsa kuma disfilesmen. Mun kuma yi kamar babu iska, alhali akwai ta, ki saki takarda a buɗe da wadda kika dunƙule ki gani. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata inda babu iska, suka dira tare. Tara belositi irin na kwalekwale ma yana daina aiki in gudu ya kusanci na haske, amma wannan sai kin yi gaba.

Sannan Hausar da na yi miki don ki gane ne, jarrabawa da Turanci za ta zo, don haka ki koma littafinki ki haɗa kowace kalma da hotonta. Kuma rubutu ba zai maye gurbin taɓa abu da hannu ba. Ki samu zare mita 1 ki ɗaura ɗan dutse, ki rataye a ƙusa, ki ɗan ja shi kaɗan ki saki, ki ƙirga zuwa da komowa 20 da agogon waya, za ki samu wajen sakan 40, wato kowanne sakan 2, ki sa a g = 4π²L/T², L tsawon zaren, T lokacin zuwa da komowa ɗaya, ki ga abin da zai fito a tsakar gidanku.

Ban ga littafin aikinki ba, don haka ga wannan ki gwada. An aiki yaro ya yi mita 120 arewa, ya juya ya yi mita 50 gabas, duka cikin sakan 100. Ki nemo distans, disfilesmen da saitinsa, matsakaicin sifid da matsakaicin belositi, kowanne da yunit ɗinsa. Ki fara zana kibiyoyin kafin ki rubuta fomula ko ɗaya, ki turo min da zanen da lissafin duka, zanen zan fara dubawa don daga shi zan gane inda kike tuntuɓe. Ki gaida mutanen gida.